Soson Teku da Baƙin da Ke Cikinsa

A watan nan za mu bar tudu mu gangara teku. Mun san wani zai ce me ya haɗa mutumin Manhyia da teku, alhali kafin ya ga ruwan gishiri sai ya yi tafiyar kilomita 200 da ɗoriya zuwa Cape Coast ko Ankara. To, a yi mana haƙuri a bi mu a hankali. Tekun nan na ƙasarmu ne, kifinsa muke ci kullum, kuma akwai wani aiki a cikinsa da ke jiran 'ya'yanmu, wato aikin tantance ƙananan halittu da raɗa musu suna.

Bari mu fara da kalmar soso. Abu uku ne ke amsa wannan suna. Akwai soson da ke yaɗo a jikin danga, ɗan'uwan kabewa da duma, wanda idan ya bushe ake ɓare shi a yi wanka da wanke-wanke. Akwai soson raga da iyayenmu mata ke saye a Kejetia, wanda Tonawa ke kira sapo. Sai kuma soson teku, wanda mutanen tsibirin Kalymnos na ƙasar Girka suka shafe ɗaruruwan shekaru suna nutso suna cirowa. Na farko tsiro ne, na biyu aikin masana'anta ne, na ukun kuwa dabba ce mai rai. Ga suna ɗaya, ga abu uku da ba su haɗa dangi ba. Daga nan ma mai karatu ya fara ganin amfanin tantancewa.

Masana sun daɗe suna gardama a kan soson teku, domin ba ya tafiya, ba shi da kai, ba shi da zuciya, ba shi da ciki. Yana manne ne a jikin dutse kamar gansakuka. A shekarar 1765 wani Bature mai suna John Ellis ya lura cewa ruwa na shiga yana fita ta ramukan jikinsa. A shekarun 1820 kuma Robert Grant na birnin Edinburgh ya tabbatar da cewa soson ne da kansa ke jan ruwan, daga baya ya raɗa wa dangin suna Porifera, ma'ana masu ƙofofi a jiki. A cikin soson akwai hanyoyi da lunguna da ɗakuna, waɗanda aka jera wa wasu ƙwayoyin halitta masu 'yar bulala. Kaɗawar bulalar nan ce ke tura ruwa, soson ya tace abincinsa daga ciki. A yini ɗaya yakan tace ruwan da ya ninka girman jikinsa sau dubbai. Zuwa yanzu an rubuta irin soso fiye da 9,000 a duniya.

To, duk inda aka sami ɗaki da inuwa da abinci mai zuwa da kansa, ba a rasa baƙi. Mu mutanen Zongo mun fi kowa sanin wannan. Tun zamanin fataucin goro, ɗan kasuwa yakan taso daga Kano ko Sakkwato ko Salaga ya sauka a gidan maigida, a ba shi ɗaki, a tsare masa kayansa, a nemo masa mai saye. Soson teku ma maigida ne. A farkon shekarun 1930 wani masani Ba'amurke, A. S. Pearse, ya ciro wani babban soso a tsibiran Dry Tortugas da ke kusa da Florida, ya yanka shi gunduwa-gunduwa, ya zauna ya ƙidaya abin da ke ciki ɗaya bayan ɗaya. Ƙananan jatan lande kaɗai da ya samu sun haura 16,000, ban da tsutsotsi da sauran tarkace. A cikin soso guda ke nan.

Yanzu a ce an zube wa mutum wannan taro a faranti, ta ina zai fara? Kusan dukansu marasa ƙashin baya ne, akasarinsu kuma ba su kai tsawon farce ba. Mai tantancewa yakan fara ne da tambayoyi masu sauƙi, irin waɗanda ɗan aji ɗaya na ƙaramar sakandare zai iya yi. Shin wannan yana da ɓawo mai tauri da ƙafafu masu gaɓoɓi? In haka ne, dangin kaguwa da jatan lande ne, a ware shi gefe. Shin jikinsa zobe-zobe ne, da 'yan gashi a kowane zobe? To dangin tana ne, irin na teku. Shin jikinsa laushi gare shi, yana jan ciki a kan ƙafa ɗaya mai faɗi? Dangin dodon koɗi ke nan. Shin hannuwa biyar gare shi da ƙayoyi a fata? Wannan ɗan gidan tauraron teku ne. Da waɗannan tambayoyi huɗu an raba mafi yawan taron gida-gida.

Daga nan aiki ke ƙara tsauri. Tsarin da ake bi ya samo asali ne daga Carl Linnaeus, mutumin ƙasar Suwidin, kuma sunayen dabbobi na kimiyya ana lissafa farkonsu daga bugu na 10 na littafinsa, wanda ya fito a 1758. Tsarin hawa-hawa ne, kamar yadda za a tambayi mutum ƙasarsa, sannan yankinsa, garinsa, unguwarsa, zuri'arsa, gidansu, har a zo kan sunansa na yanka. A ƙarshe kowace halitta tana samun suna biyu da Latin: na farko sunan gidansu, na biyu nata na kanta. Amfanin haka shi ne, masanin Legon da na Japan da na Brazil, ko ba sa jin harshen juna, idan aka ambaci sunan sun san abu guda ake nufi.

Kafin a kai ga wannan suna na biyu, sai an sa madubin ƙara girma. A wajen jatan lande ana duban siffar babbar ƙafarsa mai kama da almakashi, da tsinin da ke goshinsa, da yawan ƙayoyin wutsiyarsa. A wajen tsutsa ana duban bakin kowane gashi, ko mai ƙugiya ɗaya ne ko biyu. A wajen dodon koɗi sai an ciro harshensa, wanda ke jere da haƙora kamar magagari, a ƙidaya su layi-layi. Shi kansa maigidan, wato soson, ba a gane shi da launi ko siffa kawai. Sai an narkar da ɗan yanki nasa an duba ƙananan alluran da ke riƙe da jikinsa, waɗansu na alli, waɗansu na gilashi. Wajibi ne kuma a rubuta a cikin wane soso aka sami wane baƙo, domin da yawansu ba sa sauka sai a gida ɗaya tak. Idan aka tabbatar sabon iri ne, sai a bayyana kamanninsa a rubuce, a zana shi, a buga a mujallar masana, a kuma ajiye samfurin asali a gidan adana kayan tarihi, yadda duk mai shakka zai je ya gani da idonsa.

Akwai kuma wata tantancewar ta biyu, wadda ta shafi halin baƙo da maigidansa. Wani baƙon ɗan cin arziki ne, ya sami mafaka, bai ƙara wa soson komai ba, bai rage shi da komai ba. Wani yana biyan haya da aiki: a tekun Karebiyan akwai wani tauraron teku mai siraran hannuwa da ke kwana a cikin soso da rana, da dare ya fito yana share dattin da ya taru a bayansa yana ci. Wani kuwa maigidan yake ci, yana gutsurar naman soson kaɗan-kaɗan yana zaune a ciki. Akwai ma kaguwar da ake kira Dromia, wadda ke yanko soso daidai bayanta ta kifa kamar malafa, ta riƙe shi da ƙafafunta na baya don kada maƙiyi ya gane ta. A can cikin zurfin teku wajen Japan da Filifin kuma akwai soson gilashi mai siffar kwando, wanda jatan lande biyu, mace da namiji, kan shiga tun suna ƙanana, su girma har ƙofa ta yi musu kaɗan, su ƙare rayuwarsu a ciki. Shi ya sa a da mutanen Japan ke ba da shi kyautar biki.

Babbar matsalar wannan aiki ita ce wadda Bahaushe ya riga ya faɗa: kama da wane ba ta wane. Mutumin da bai san Zongo ba, idan ya shigo Aboabo ko Asawase ya ji ana Hausa ya ga manyan riguna, sai ya ce duk Hausawa ne. Mu da ke ciki mun san akwai Mosi, akwai Dagomba, akwai Wangara, akwai Kotokoli, akwai Zabarmawa, akwai Fulani da Yarabawa, kowa da asalinsa da sarkinsa. Haka abin yake a cikin soso. Akwai wata 'yar tsutsa da ake kira Haplosyllis spongicola, wadda aka fara bayyanawa a 1855 daga yankin Bahar Rum. Fiye da shekara 100 duk inda aka ga mai kama da ita, ko a tekun Indiya ko a Karebiyan, sai a ce ita ce. Da masana suka koma suka auna gashinta da kyau a farkon shekarun 2000, sai ga shi iri-iri ne da dama aka cusa a ƙarƙashin suna ɗaya.

Haka nan jatan landen da ake kira Synalpheus, mai ƙafa ɗaya babba da yake harbawa ta yi ƙara kamar fashewar gugguru. A tekun Karebiyan akwai irinsa fiye da 40 da ke zaune a cikin soso, kuma a ido kusan duk ɗaya suke. Sai da aka rarrabe su sannan wani abin mamaki ya fito fili. A 1996 masanin nan J. Emmett Duffy, da ke bincike a gaɓar ƙasar Belize, ya nuna cewa iri ɗaya daga cikinsu, Synalpheus regalis, zaman ƙudan zuma yake yi: soso guda zai ɗauki ɗaruruwansu, amma uwa ɗaya ce kawai ke haihuwa, sauran suna tsaron gida. Kafin wannan lokaci ba a san wata dabbar teku mai irin wannan zama ba. Da an ci gaba da yi musu kuɗin goro, da har yau ba a gane ba. A 2012 kuma aka bayyana wata tsutsa daga gaɓar Darwin ta ƙasar Ostareliya, mai kai ɗaya amma jikinta ya yi rassa ya bi lungunan soso, da wutsiyoyi ɗaruruwa.

Tun daga 2003, lokacin da Paul Hebert na Jami'ar Guelph a Kanada ya kawo dabarar gane dabba ta hanyar karanta ɗan guntun sinadarin gadonta, wato DNA, aikin rarrabe masu kama da juna ya ƙara sauri. Amma na'ura ba ta raɗa suna. Abin da take yi shi ne ta nuna cewa wannan da wancan sun bambanta. Har yanzu sai an sami mai ido da haƙuri ya zauna ya faɗi inda bambancin yake.

To, mu dawo gida. Gaɓar tekun Ghana ta kai wajen kilomita 550, daga iyakar Kwaddebuwa zuwa ta Togo. Wa ya tantance abin da ke cikinta? A 1945 zuwa 1946 wani jirgin bincike na ƙasar Denmak mai suna Atlantide ya bi gaɓar Afirka ta Yamma yana kwasar halittu, aka kai su Copenhagen, masana suka shafe shekaru suna bayyana su. Daga shekarun 1960 zuwa farkon 1970 kuma wani malami ɗan Ingila, Malcolm Edmunds, ya koyar a Jami'ar Ghana da ke Legon, ya mai da hankali a kan wani irin dodon koɗin teku wanda ba shi da koɗi. Waɗannan halittu masu launi kamar atamfa, da yawansu a kan soso suke kiwo, shi ne abincinsu. Suna kwasar dafin da ke jikin soson su ajiye a fatarsu, launin nasu kuma gargaɗi ne ga kifi cewa a kiyaye. Da yake launin yana gushewa da zarar an jefa su a sifirit, dole mai bincike ya zana su tun suna da rai.

A 1981 Edmunds ya bayyana wasu sababbin iri daga ruwanmu, ya sa wa ɗaya sunan garin Tema, ɗaya kuma sunan Kpone da ke gabas da ita. A 2012, bayan binciken DNA, masana suka sauya musu sunan gida, suka zama Felimare tema da Felimida kpone. Sunan gida ya sauya, amma sunan garuruwanmu yana nan, kuma duk masanin duniya da zai yi magana a kansu sai ya ambaci Tema da Kpone. Wannan abin alfahari ne. Sai dai a lura, masu yin aikin a wancan zamani akasari baƙi ne, samfurori da yawa kuma suna can Turai. Yau muna da sashen ilmin teku da kamun kifi a Legon, akwai kuma irinsa a Jami'ar Cape Coast. Ƙofa a buɗe take, saura masu shiga.

Wani zai ce, duk wannan wahala a kan tsutsar da ba a ci ba a sayarwa? Ga amsa guda uku. Ta farko magani. A farkon shekarun 1950 Werner Bergmann na Jami'ar Yale ya samo wasu sinadarai a jikin wani soso na Karebiyan, waɗanda suka buɗe hanyar haɗa maganin cytarabine, da aka amince da shi a Amurka a 1969 don sankarar jini. Maganin eribulin na sankarar mama, wanda aka amince da shi a 2010, an kwaikwayo shi ne daga sinadarin wani soso na gaɓar Japan. Idan ba a san sunan soson ba, ta yaya za a koma a nemo shi? Ta yaya kuma ƙasa za ta ce wannan daga ruwana ya fito, a ba ni rabona? Yarjejeniyar Nagoya ta 2010 ta tanadi cewa ƙasar da aka ɗauki halitta daga cikinta tana da haƙƙi a ribar da aka samu. Amma mai kaya sai ya san kayansa kafin ya yi da'awa.

Amsa ta biyu abinci. Ƙananan halittun nan su ne cimar kifayen da ke kiwo a ƙasan teku. Manyan jirage masu jan raga a ƙasa suna tumɓuke soso da duk abin da ke cikinsa, kamar a rushe gidan haya da mutanensa a ciki, kuma wasu irin soson sukan ɗauki shekaru masu yawa kafin su sake girma. Uwargidan da ke kukan tsadar kifi a kasuwa tana da ruwa da tsaki a wannan magana, ko da ba ta taɓa ganin teku ba.

Amsa ta uku ita ce mu san abin da muka mallaka kafin ya salwanta. An gano man fetur a rijiyar Jubilee, daura da Cape Three Points, a 2007, aka fara haƙo shi a ƙarshen 2010. A 2012 jirgin bincike na ƙasar Norway, Dr Fridtjof Nansen, ya binciki wani babban tudun murjani a yammacin ruwan Ghana, a zurfin wajen mita 400, tsawonsa ya haura kilomita 1. Kafin a yi babban aiki a teku doka ta ce a binciki abin da zai shafa. To mai binciken da bai iya tantance halittu ba, me zai rubuta? Abin da ba shi da suna ba ya shiga lissafi, wanda bai shiga lissafi ba kuwa ko ya ɓace ba mai cigiyarsa. Rashin sani ya fi dare duhu.

Saboda haka muna kira ga 'yan'uwanmu malamai. Darasin rarraba halittu yana cikin manhajar kimiyya, amma sau da yawa haddar sunaye kawai yara ke yi don jarrabawa, su fita su manta. Ba sai da teku ake koyon wannan aiki ba. A sa yara su tattaro ganyaye 10 daga harabar makaranta, ko ƙwari, ko koɗi, su zana kowanne, su ƙirƙiro tambayoyin da za su raba su gida-gida da kansu. A kawo soson danga da soson raga a aji a tambaye su wanne ne ya taɓa yin rai, kuma da wace hujja. A ɗaga ruɓaɓɓen gungume a ƙidaya baƙin da ke ƙarƙashinsa, domin shi ma zango ne. In an sami halin fita, tafkin Bosomtwe bai wuce kilomita 30 da 'yan kai daga Kumasi ba. Makarantar da ke kai yara ganin gidan tarihi na Cape Coast ko Elmina kuwa, ta ƙara awa ɗaya a kan duwatsun gaɓa lokacin da ruwa ya janye, tare da babban da ya san wurin. A duba, a zana, a mayar da dutse yadda aka same shi.

Iyaye kuma, yaron da kuka ga yana tsugune yana kallon tururuwa ko yana tara koɗi a gwangwani, kada a yi saurin ce masa marar aikin yi. A saya masa littafin zane da fensir. Sanin sunayen halittu gadonmu ne. Malamai sun karantar da mu cewa farkon ilmin da Allah Ya ba Annabi Adamu, amincin Allah ya tabbata a gare shi, shi ne sunayen abubuwa. Kakanninmu masu magani da mafarauta da makiyaya sun san sunan kowace ciyawa da kowane itace, har wani likita Bature, J. M. Dalziel, ya tattara sunayen tsirrai na Hausa ya buga littafi guda a 1916. Idon da ya iya raba sabara da kalgo tun daga nesa, in aka ba shi madubi da horo, zai iya raba jatan lande da ɗan'uwansa.

Muna fatan wata rana a buɗe littafin masana a ga sabon suna daga ruwan Axim ko Ada, a ga kuma wanda ya raɗa shi ɗan Manhyia ne ko 'yar Alabar. Mai nema yana tare da samu. Allah Ya yi wa zuri'armu albarka, Ya ba su ilmi mai amfani. Sai mun sake saduwa a wata mai zuwa, in Allah Ya kai mu. Wassalam.